Na cika memori da finafinan barkwancin ƙasar Sin: ga abin da na tarar

Ƙanena ne ya matsa mini, har na ɗauki memori mai giga 32 na je shagon wani mai tura finafinai a bakin kasuwar unguwarmu. Na ce masa finafinan ban dariya na ƙasar Sin nake so. Ya ce, "Yallaɓai, ai Canis duk duka ne da tsalle-tsalle." Ban ga laifinsa ba, domin da wannan fahimtar muka tashi tun zamanin gidajen kallo. Amma da ya bincika kwamfutarsa sai ga guda goma sha biyu, kuma kafin in dawo daga sallar La'asar ya gama turawa. Sati uku na yi ina kallonsu bayan Isha'i.

Ta fuskar hoto, goma sun fito tangaram, biyu kuwa dishi-dishi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Inda na samu cikas shi ne fassarar Turanci da ke gudana a ƙasan hoton: a wasu finafinan tana riga magana, a wasu tana makara. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne muryar. Finafinan Hong Kong da harshen Kantonis ake yin su, amma waɗanda aka tura mini duk an ɗora musu muryar Mandarin. Ga wanda ba ya jin ko ɗaya za a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, domin baki na motsi daban sauti na fita daban, kuma barkwanci abu ne na daidai lokaci.

Rabin finafinan na Stephen Chow ne. An haife shi a Hong Kong a 1962, kuma ya shafe shekaru yana gabatar da shirin yara a tashar talabijin ta TVB kafin a san shi. Fim ɗin All for the Winner na 1990 ne ya ɗaga shi, daga nan sunansa ya haɗu da salon da suke kira "mo lei tau", wato maganar da ba kai ba gindi, a faɗe ta da fuska a murtuke kamar ana karanta hukunci. Wanda ya san yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ke sakin magana ba tare da ya yi murmushi ba zai gane inda aka dosa. Sai dai wasa da kalmomi ba ya tsallake harshe. Akwai wuraren da na san an yi abin dariya, amma ni ban samu rabona ba.

Abin da ya iso gare ni ba tare da tafinta ba shi ne talauci. A Shaolin Soccer na 2001, jarumin ɗan gwangwan ne mai takalmi yagagge, 'yan'uwansa na makarantar kunfu kuma kowa rayuwa ta yi masa atishawar tsaki. Dariyar tana fitowa ne daga mutanen da suke ƙoƙarin rufa wa kansu asiri, asirin kuma yana tonuwa.

A nan ne na kamu da son Ng Man-tat. Shi ne gurgun kocin nan da aka karya wa ƙafa bayan ya karɓi cin hanci ya zubar da bugun fenareti. Da na bi tarihinsa, na ga shi ma ya taɓa faɗuwa. Ya fara samun suna a TVB yana matashi, caca ta cinye shi, bashi ya yi masa katutu, tashar ta ajiye shi gefe. Ya koma ya riƙa karɓar ƙananan matsayi har ya sake ginuwa, sannan ya yi shekara goma yana fitowa a matsayin kawu ko uba ko maigidan Chow. Idan ka zuba masa ido lokacin da ba shi ke magana ba, za ka ga aikin: yadda yake sunkuyar da kai idan an ci masa fuska, yadda yake dariyar yaƙe. Shi ke shimfiɗa tabarmar da Chow ke zama a kai. Shaolin Soccer ne fim na ƙarshe da suka yi tare, kuma ciwon dajin hanta ya yi ajalin Ng Man-tat a Fabrairun 2021. Na koma na sake kallon fim ɗin saboda shi kaɗai.

Kung Fu Hustle na 2004 shi ne wanda zan ce kowa ya fara da shi, don ko an kashe sauti za a yi dariya. Gidan haya ne na talakawa, mai gidan mace ce mafaɗaciya da taba a baki, tana rufe famfo tana zazzaga wa 'yan haya masifa, ashe tela da ɗan dako da mai suyar fulawa duk gwanayen faɗa ne da suka ɓoye kansu. Matar, Yuen Qiu, da wanda ya fito a mijinta, Yuen Wah, makaranta ɗaya suka yi da Jackie Chan da Sammo Hung, wato makarantar wasan daɓe ta malam Yu Jim-yuen inda ake horar da yara da bulala tun asuba. Yuen Wah ya taɓa yi wa Bruce Lee wuraren tsalle masu haɗari. Ita kuwa ta yi kusan shekara ashirin da barin harkar kafin a dawo da ita. Shi ya sa ko marin wasa suka yi, za ka ga hannun wanda ya sha horo.

Na babban yankin Sin, wato waɗanda ba na Hong Kong ba, guda uku ne kawai a ciki. Biyu sun dogara da zance sosai, sai suka wuce ni. Na ukun, Hi, Mom na 2021, ban shirya masa ba. Jia Ling ce ta ba da umarni kuma ta fito a ciki. Asalinta 'yar barkwancin dandamali ce, mahaifiyarta ta rasu a haɗari a 2001 lokacin Jia tana da shekara 19, ba ta daɗe da shiga makarantar wasan kwaikwayo a Beijing ba. A fim ɗin ta koma shekarar 1981, ta tarar da mahaifiyar tana budurwa tana aiki a masana'anta, ta ɗaura ɗamarar faranta mata. An yi ta dariya, amma minti ashirin na ƙarshe ni da maiɗakina babu wanda ya ce uffan. Fim ɗin ya tara sama da yuwan (kuɗin Sin) biliyan 5, kuma ban yi mamaki ba.

Duk mai son gwadawa, ya sa mai shago ya kunna masa minti biyu na kowane fim kafin a tura, ya duba ko rubutun yana tafiya tare da baki. Ni dai na goge biyun nan masu dishi-dishi, na koma jiya na ce ya nemo mini Shaolin Soccer da muryar Kantonis, domin in ji ainihin muryar Ng Man-tat. Ya ce in leƙo ranar Asabar.