Honda Shadow 600 ko Yamaha DragStar 650: wanne zai jure hanyoyin Kebbi?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Birnin Kebbi ya yi tambaya shekaranjiya. An nuna masa manyan babura biyu 'yan Kwatano, Honda Shadow 600 da Yamaha DragStar 650, kuɗinsu kusan ɗaya. Shi kuma duk ƙarshen mako yakan je Jega ganin gida, wani lokaci aiki ya kai shi Sakkwato. Wanne zai ɗauka? Na ga masu amsa sun fi karkata ga wanda ya fi ƙyalli da wanda salansarsa ta fi rugugi. Malam, ni na riƙe Shadow shekara uku, na kuma sha hawan DragStar ɗin wani abokina, bari in faɗa maka abin da na gani.

Idan aka jera su a inuwa, wanda bai san babur ba zai ce uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu Japan ce ta ƙera su tana kwaikwayon Harley-Davidson na Amurka: sirdi a ƙasa, doguwar gaba, tanki mai siffar ɗigon ruwa, wurin ɗora ƙafa can gaba kamar kana zaune a kujerar falo. Injinsu silinda biyu ne da suka buɗe kamar harafin V. Dukansu sun ɓoye shokazoban baya a ƙarƙashin sirdi, don a ga kamar babu shi, irin tsofaffin baburan da. Birkin gaba faifai ne, na baya ganga. Babu mai kik a cikinsu, in batir ya kwanta sai turi, kuma tura abin da ya kai kilo 200 a ranar Afrilu ba wasan yara ba ne. Honda ta fito da nata a 1988, injinsa cc 583. Yamaha ta biyo baya a 1997 da cc 649, ta gina shi a kan injin tsohon Virago 535, a Amurka kuma V Star ake ce masa. Ƙarfinsu bai wuce na doki 40 ko kusa da haka ba, kada wani dillali ya ce maka ɗaya jirgi ne.

Inda suka rabu na farko shi ne sanyaya inji. Shadow da ruwa yake sanyaya kansa, yana da lagireto siriri a gaban inji da fankarsa. Waɗannan zara-zaran ƙarafan da kake gani a jikin silindarsa rabinsu ado ne. DragStar kuwa iska ce kawai, kamar Boxer da Jincheng da muka saba. Mutum zai ce ai a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara mai ruwa ya fi. A takarda haka ne. In za ka riƙa tsayawa cikin cunkoso inji na kunne, mai ruwa ba ya damuwa, alhali silindar bayan DragStar sai ta gasa maka cinya. To amma cunkoson me muke da shi a Birnin Kebbi? Daga fita gari ka kama hanyar Kalgo iska ta samu. Sannan Shadow tsohon babur ne, yawancinsu sun haura shekara 20 a duniya. Robobin ruwansa sun tsufa, famfon ruwa na iya yoyo, fanka na iya mutuwa ba ka sani ba. Ni kaina wani bakanike ya taɓa ɗura mini ruwan rijiya a lagireto, bayan 'yan watanni ciki ya yi tsatsa da datti, sai da muka kwance muka wanke. Ƙurar hunturu ma takan toshe idanun lagireton. Abin da babu shi a jikin babur ba ya lalacewa, nan DragStar ya ci maki a wurina.

Na biyu, abin da ke juya tayar baya. Shadow cen ne da shi. DragStar farfela ce, sandar ƙarfe mai juyawa kamar ta mota, tana shiga wani ɗan akwatin giya a jikin tayar baya. Duk wanda ya bi hanya mai yashi ya san yadda yashi ke haɗuwa da man cen ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye cen da haƙoransa. Da Shadow kullum kana cikin wankewa da shafa mai da ɗaurewa. Farfela ba ta son komai sai a canja mata man giya lokaci-lokaci. Sai dai tana da sirri ɗaya da yawancin masu gyaranmu ba su sani ba: haƙoran da ke bakin sandar suna bukatar giris mai kyau duk sanda aka cire taya. In aka bar su a bushe suka cinye, wata rana za ka sa giya ka ji inji na kuka babur bai motsa ba. Cen in ya tsinke ana iya nemo mai kama da shi a Sakkwato ko Kano. Farfela in ta mutu sai dai a jira daga Legas ko Kwatano, ko a samu wani mataccen babur a ciro. Ga kuma maganar faci. Dukansu tayoyinsu masu wayoyi ne irin na keke, da tif a ciki, kuma a DragStar tayar baya tana fitowa ne tare da akwatin giyar da sandar gaba ɗaya. Kada ka bar mai faci na bakin hanya shi kaɗai da ita, ka tsaya a kansa.

Tunda an zo kan taya, girman ta baya ɗaya ne a dukansu, 170/80-15. Ta gaban Shadow inci 19 ce siririya, haka ma DragStar samfurin Custom. Samfurin Classic kuwa gabansa inci 16 ce mai kauri, da manyan murafun taya, ya fi kwarjini ya kuma fi nauyi, yana kusantar kilo 250 da mai a ciki. Ba ka faɗa mana wanne aka nuna maka ba.

Sai giya da tanki, waɗanda su ne suka shafi zuwanka Sakkwato. Shadow ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka giya huɗu gare shi. Akwai masu biyar a wasu kasuwanni, don haka ka ƙirga da ƙafarka. Mai huɗun in ka kai gudun kilomita 100 ƙafarka za ta riƙa laluben giyar da babu, hannu kuma ya ɗauki karkarwa. DragStar biyar ne, ya fi natsuwa a doguwar hanya, ko da yake kulocinsa sai can ƙarshen hannu yake kamawa, sabon shiga yakan kashe inji sau da yawa kafin ya saba. Tankin Shadow lita 11 ne, na farko-farkon ma 9. Na DragStar 16. Dukansu suna cin wajen kilomita 20 a lita. Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu kusan kilomita 150 ne. Ka yi lissafin da kanka: mai Shadow dole ya sha mai kafin ya juyo, mai DragStar zai iya zuwa da dawowa da ƙyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kafireta irin tasu ba ta yafe gurɓataccen man 'yan bumburutu.

Kada in zalunci tsohon abokin tafiyata. Shadow ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Sirdinsa wajen santimita 65 ne daga ƙasa a samfuran ƙarshe-ƙarshe, na farko-farkon 69, na DragStar kusan 70, kuma ya fi shi rashin nauyi da siranta. In kai ba dogo ba ne, ko daga Boxer za ka tsallako kai tsaye, a kansa za ka fi samun kwanciyar hankali a lungunan gari. Injin Honda ɗin kuma, mai bawul uku da fulogi biyu a kowace silinda, yana da wuyar mutuwa in ana ba shi haƙƙinsa. Amma dukansu cikinsu a ƙasa yake, tudun rage gudu mai tsayi sai ya kankare su, hanyar fadama da damina kuwa kada ma ka fara. Kujerar baya ƙarama ce, uwargida za ta jure zuwa Jega, ban ce Yawuri ba. Buhun shinkafa dai a bar wa Boxer.

Da ni ne kai, da irin zirga-zirgar da ka faɗa, DragStar zan ɗauka, bisa sharaɗin a cire tayar baya a gabana in ga haƙoran farfela da idona. In sun cinye, ko mai babur ya ƙi a buɗe, ka koma kan Shadow ka bar shi a kunne har fanka ta tashi da kanta, ka duba ƙasa ko yana ɗiga. Ka kuma kula da wata damfara: a Japan an yi ƙannensu masu cc 400, Honda Steed 400 da DragStar 400, jikinsu kusan ɗaya da manyan, ana sayar da su da sunan 600 ko 650. A Honda ka duba lambar da aka buga a wuyan babur, PC21 na 600 ne, NC26 na 400. Lambar nan kuma ta yi daidai da ta takardar kwastam kafin ka ƙirga ko sisi.