Generative Fill na Photoshop: yaron shago ne mai zafin nama, amma ba oga ba

Masu tambaya ko AI ɗin da Adobe suka saka a Photoshop yana da wani amfani ga mai dizain, toh ga nawa ra'ayin. Injin sunansa Firefly, a watan Maris 2023 suka fito da shi, zuwa Mayu kuma ya shiga Photoshop da sunan Generative Fill.

Inda ya fi burge ni wlh shi ne faɗaɗa hoto. Kwastoma zai turo maka hoton da ya ɗauka a tsaye da waya, an yanke masa kafaɗa, kuma wai fosta a kwance yake so, a da sai ka zauna kana kwafo bango kaɗan-kaɗan kana shafawa har idonka ya yi ja, yanzu kawai ka zagaye wurin da babu komai ka danna, sai ya kawo maka samfuri 3 ka zaɓa, har inuwa da hasken wurin yake bi. In kana son cire wani abu, misali wayar lantarki da ta ratsa bayan mutum, ko rubuta komai ba sai ka yi ba, ka zagaye shi ka bar akwatin rubuta umarni haka nan. Kuma duk abin da ya yi a leya (wato shimfiɗa) daban a saman hoton yake ajiyewa, asalin hotonka na nan lafiya lau. Wannan kam sun kyauta.

Sai dai fa ba intanet ba aiki, don ba a kan kwamfutarka ake haɗa hoton ba, kuma akwai kiredit, wato adadin amfani, da ake ƙirga maka duk wata.

Rubutu kuwa kar ma ka fara. Duk irin waɗannan manhajoji sun daɗe suna fama da haruffa, balle namu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta abinka da hannunka ka zaɓi font ɗin da ya dace. Haka logo. Na'ura ba ta san kwastomanka ba, ba ta san su wa yake son jawowa ba, abin da ta saba gani take maimaitawa, shi ya sa zanen AI da yawa ke kama da juna, sai sheƙi ba ɗanɗano.

Adobe sun ce da hotunan rumbunsu na Adobe Stock da waɗanda ba mallakar kowa ba suka koyar da Firefly, hakan ya ɗan kwantar da hankalin masu aikin kasuwanci. Amma a sani, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka tun 2023 ya ce hoton da na'ura zalla ta ƙirƙira ba shi da kariya, sai ɓangaren da hannun mutum ya shiga.

Ni dai ina amfani da shi wajen shara da ciko. In aikin babbar bana (banner) ce, kafin ka kai a buga ka zuƙo hoton sosai ka duba yatsu da kunne da kuma daidai bakin inda ya yi cikon, nan ne yakan fito dishi-dishi.