Hattara masu niyyar ziyarar Fas: damfarar "yawon tarihi da 'yan wasa"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin tafiya birnin Fas na ƙasar Maroko, musamman iyayenmu da 'yan'uwanmu masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Akwai wata talla da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook, an rubuta ta da Hausa tsaf, har da addu'a a ƙarshe. Wai za a zaga da ku tsohon garin Fas da ƙafa bayan magariba, tare da 'yan wasan kwaikwayo sanye da tufafin mutanen da. Duk lungun da aka shiga wani zai fito ya ba da labarinsa: wannan shi ne Maulaya Idrisu, sarkin da ake danganta kafa Fas gare shi, waccan Fatima al-Fihri, wancan kuma Hasan al-Wazzan, malamin da ya tashi a Fas ya kuma rubuta labarin Kano da Katsina tun ƙarni na 16. Sai aka ɗora da cewa kuɗin ya haɗa da "izinin shiga zawiyya ta ƙofa ta musamman".

Yayata da abokan tafiyarta sun biya. Na karanta saƙonnin da aka yi musanya da su, na kuma ji abin da ya faru daga bakinta, shi ya sa nake rubuta wannan.

Tun suna gida aka nemi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. An ba su lambar asusun wani mutum a wani banki na Najeriya, wai don a sauƙaƙa musu wahalar canji. Sunan da ke kan asusun daban, sunan mai tallar daban. Kullum sai mai tallar ya turo saƙon murya: "Hajiya, gurbi uku ya rage, a hanzarta." Rasit ɗin da ya turo hoto ne kawai, babu adireshi, babu lambar ofis. Bidiyon tallar kuwa yana da kyau ƙwarai, fitilu da rawuna da alkyabba, amma babu wuri ɗaya a cikinsa da za ka nuna ka ce nan Fas ne.

Ana gobe za a fita sai aka ce an mayar da yawon zuwa hantsi. Sun haɗu a Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913, wadda yawancin baƙi ke shiga tsohon gari ta cikinta. Babu tawagar 'yan wasa. Saurayi ɗaya ne cikin jallabiya, riƙe da fitilar da ba a kunna ba, yana karanto labari daga wayarsa da gurguwar Larabci da Faransanci, wata daga cikinsu tana fassarawa. Kafin a ɗaga ƙafa ya karɓi cikon kuɗin a hannu. Da aka tambaye shi sauran 'yan wasan, ya ce suna gaba.

Abin da ke gaba shaguna ne. Ya bi da su ta Tala'a Kabira, babbar hanyar da ke gangarawa tsakiyar gari, ya wuce makarantar Bu Inaniyya ko tsayawa bai yi ba, alhali gini ne na wajen shekarun 1350 da baƙi ke zuwa daga nesa don su gani. Ya kai su majemar Shuwara, ya hau da su benen wani shagon fata, aka miƙa wa kowace ganyen na'ana'a ta toshe hanci saboda warin jima. Sun leƙa ramukan rini na ɗan lokaci, sauran zaman duk ciniki ne. Daga nan sai gidan dardumai: aka zaunar da su, aka kawo shayi, aka yi ta shimfiɗa darduma kan darduma, mai shago yana buga farashi a na'urar lissafi yana miƙo musu. Dattijuwar da ta sha shayin mutum ta san nauyin tashi hannu rabbana, kuma da wannan kunyar tamu ake cin kuɗinmu. La'adar saurayin tana cikin kowane ciniki, dalilin mayar da yawon rana ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryar da ya shara musu a kan tarihi. Ya ce Shehu Tijjani ne ya gina masallacin Ƙarawiyyin. Masallacin nan Fatima al-Fihri ce ta kafa shi a 859. Shehu kuwa an haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798, ya rasu a can a 1815. Tsakani kusan shekara dubu. Wanda bai san wannan ba, me zai nuna maka a Fas?

Batun "izinin shiga zawiyya" ma ƙarya ce tsagwaronta. Zawiyyar Shehu tana unguwar Bilida, wurin sallah ne da wazifa, Musulmi yana shiga kyauta, haka masallacin Ƙarawiyyin, haka hubbaren Maulaya Idrisu. Wanda ya so yin sadaka ya yi don Allah. Duk wanda ya ce zai sayar maka da tikitin shiga waɗannan wurare, cutarka zai yi. Wuraren da ake biya, irin su makarantar Aɗɗarin da gidan tarihin Najjarin, a bakin ƙofa ake yankar tikiti, kuɗin kuma ba shi da yawa.

A ƙarshe saurayin ya bar su kusa da dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla ke bugun tukwane, ya ce zai kira 'yan wasa. Bai dawo ba. Wanda ya san Fas ya san abin da wannan ke nufi ga tsofaffi: lunguna dubbai masu kama da juna, mota ba ta shiga, sai alfadarai da masu kora su suna ihun "balak" a kauce. Wani mai shago ne ya sa yaronsa ya raka su har zawiyya. Da daddare suka tarar mai tallar ya toshe lambobinsu.

Yawon tarihi da 'yan wasa sana'a ce ta halal, ana yinta a birane irin su Edinbara ta ƙasar Scotland, kuma masu yinta na gaskiya suna da ofis da suna. A Maroko ɗan jagora na hukuma yana ɗauke da katin shaida daga ma'aikatar yawon buɗe ido, jagoranci ba lasisi kuma laifi ne a dokarsu. Ku nemi ganin katin, ku dubi hoton da sunan. Ku bar masaukinku ya samo muku jagora, ku yi ciniki a gabansu, ku faɗa tun farko cewa ba ku son zagayen shaguna, ku biya bayan an gama. Idan aka takura muku, lambar 'yan sanda a cikin gari ita ce 19.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge komai. Ya adana saƙonnin da shaidar turawar, ya garzaya bankinsa ya shigar da ƙorafi, ya kai rahoto EFCC. Shugabannin guruf-guruf na ziyara kuma, don girman Allah ku daina barin irin wannan talla ta wuce ba bincike, domin ganinta a gurufinku ne ya sa iyayenmu suka amince.