Wata takwas ina jan jirgi da sabon maɗaurin tirela

Ni da yayana muna da jirgin kamun kifi mai tsawon ƙafa 27. Kusan kowace Asabar bayan sallar Asuba mukan ja shi da Land Cruiser daga gida a Jidda zuwa bakin teku a Ubhur, wani lokacin har Suwal, duka a arewa da birnin. Tsoro ne ya sa na canja maɗauri, wato ƙarfen bayan mota da ake haɗa tirelar jirgin da shi. Wata safiya muka haura tudun rage gudu, na ji ƙwal a baya, muka sauka muka tarar bakin tirela ya fice daga kan ƙwallon ƙarfe, sarƙa kaɗai ke riƙe da ita. Allah ne ya kiyaye.

A sina'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci, wani dattijon makaniki Bahaushe ya auna ƙwallon, ya auna bakin tirelar, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ka sa wa yaro takalmin babansa. Ƙwallonka inci 2 ne, bakin nan kuwa na inci 2 da 5/16." Na ce, "Baba, ai a ido ɗaya suke." Ya ce ido ba mudu ba ne. Bambancin kusan milimita 8 ne kacal, amma ya isa ya jefa jirgi a titi.

Na sayi maɗauri aji na 4, wanda aka buga wa hatimin fam 10,000, wato kusan kilo 4,500, da sandar da ake ɗagawa ko saukewa, da ƙwallon da ya dace. Kada lambar nan ta ruɗi kowa. Littafin motarmu kilo 3,500 ya yarda a ja, shi ma sai tirela mai birki. Ƙwallo da sanda da bakin tirela kowanne da nasa hatimin, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka. Mun hau sikeli da tanki cike da mai da ƙanƙara da kayan kamun kifi, muka sami jirgi da tirela kilo 2,950, nesa da abin da takardar jirgin ta ce, don ita gangar jiki kawai ta ƙirga.

Sandar nan ita ta fi burge ni. Na sauke ta rami biyu, tirela ta miƙe sambal, na matsar da akwatin ƙanƙara gaba har nauyin da ke danne ƙwallon ya kai wajen kilo 200. Tun daga nan, ko babbar mota ta gifta mu a hanyar Madina, bayan ba ya rawa. Ban sa sandunan rarraba nauyi ba, waɗanda ke rage wa bayan mota nauyin tirela, saboda birkin tirelarmu sai bakinta ya zame ya tunkuɗo yake kamawa, wasu sandunan kuwa suna hana shi.

Inda sandar ta gaza shi ne tsatsa. Ruwan Bahar Maliya na ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, fenti kuwa ba ya jure masa. Wata biyu ya fara ɓarewa a bakin ramukan, makullin fil ɗin da ke riƙe sandar kuma ya cije sai da muka yanke shi. Yanzu da mun fito da jirgi nakan zare sandar, in wanke ta da ruwan famfo, in shafa giris, in ajiye ta a but. Wanda zai riƙa shiga ruwan gishiri ya ƙara kuɗi ya ɗauki wadda aka tsoma a tutiya, ita zan nema idan wannan ta gaji.