Sabar da muka saya: ƙarfi na ciki, amma a kulle

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin magunguna a Kano, kuma sabar da muka saya bara, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, ita ke riƙe da lissafin kaya da rasit na duk rassanmu. Injin kansa ba shi da laifi. Ko a zafin Afrilu bai taɓa mutuwa ba.

Dillalin ne ya ɓata min rai. Injin na da ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai 16, amma 4 kaɗai aka buɗe mana, sauran sai an sake biya, da dala. Ƙarshen wata idan akawu na rufe littafi, sai allo ya tsaya cak, mai karɓar kuɗi na kallon kwastoma, layi ya kai bakin ƙofa. Da na kira, wakilinsu ya ce, "Yallaɓai, lamba kawai za mu turo, nan take za ta buɗe." Wato kayan na ɗakinmu, wutarmu suke sha, amma makullin na aljihunsu. Kuma ba a faɗa mana haka ranar ciniki ba.

Dabarar tsohuwa ce. A da, kamfanin kwamfuta na IBM ya daɗe yana taƙaita saurin aikin da ma'aikata ke yi kai tsaye ta allo a injinansa na AS/400, sai wanda ya sayi ƙarin izini. Microsoft ma tun manhajarta ta saba mai suna Windows Server 2016 take lissafin lasisi da yawan ƙwaƙwalwa, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba.

Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka nawa aka buɗe, nawa ne kuɗin buɗe sauran, da kuɗin gyara na shekara ta biyu. Injin zan iya sake saya. A hannun wannan dillali dai, a'a.