Wata huɗu ina bin jan layi a Microsoft Project

Shekara da shekaru da littafi da biro nake tsara aikin gini, sai ɗan jadawali a Excel idan mai aikin ɗan boko ne. Bana da na karɓi ginin wani bene hawa ɗaya a Kano, mai gidan ya kafe sai na faɗa masa ranar da zai tare, na ce bari in gwada Microsoft Project, manhajar tsara jadawalin aiki. Wata huɗu ke nan ina amfani da ita.

Makon farko da hannuna na jiƙa wa kaina aiki. Na zuba ayyuka sun kai sittin, na rubuta wa kowanne ranar farawa, sannan na zauna ina jiran manhaja ta yi abin mamaki. Shiru. Ashe sai ka mayar da ayyukan kan tsarin da ita ke lissafa ranaku, kuma ka ɗaura kowane aiki da wanda ya gabace shi: ba a zuba dakin, wato rufin kankare, sai an ɗaure rodi, ba a filasta sai an binne bututun waya. Kalandarta ma Litinin zuwa Juma'a take zuwa da ita, awa 8 a rana. Mu kuwa Asabar ranar aiki ce, Juma'a kuma leburori na ajiye shebur tun kafin azahar, wasu ba sa dawowa. Sai da na gyara wannan kafin lissafin ya yi kama da gaskiya.

Daga nan ne wasu ayyukan suka koma ja. Waɗannan su ne sarƙar da ta fi kowace tsawo daga tonon fandisho zuwa miƙa makulli, kuma duk wanda ya makara a cikinsu da kwana ɗaya, ginin gaba ɗaya ya makara da kwana ɗaya. Ni jan layi nake kiransa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun wajajen 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka suka fito da ita.

Sauran ayyukan suna da rarar kwanaki, kuma a nan na fi ƙaruwa. Manhajar na lissafi daga farko zuwa ƙarshe don ta gano ranar da aiki zai iya farawa da wuri, sannan ta dawo da baya daga ranar gamawa ta gano ranar ƙarshe da zai fara ba tare da ya ja wa ginin jinkiri ba. Tazarar da ke tsakani ita ce rarar.

Ga yadda ta kasance da ni. Mun zuba dakin, na bar katakon tokare kwana 21. Kankare bai san Lahadi ba, don haka na shigar da kwanakin a matsayin na kalanda, wato 18 na aiki. Cire katako kwana 2, ya zama 20 kafin a fara filastar ƙasa. A gefe guda mai walda na buƙatar kwana 12 ya haɗa firam ɗin tagogi, mai fenti ya shafa musu maganin tsatsa a kwana 2. Jimla 14, kuma filasta na jiran tagogin su ma. Rara 6 ke nan. Na ga 6 a gaban sunan mai walda, na ga 6 a gaban mai fenti, sai zuciyata ta raya mini ina da 12. Kuskure ne babba. Tuwo ɗaya ne a kwano ɗaya, abin da na farko ya ci na biyu ba zai samu ba. Akwai wani layi na daban da ke nuna rarar da aiki zai ci ba tare da ya taɓa wanda ke biye da shi ba, kuma na mai walda sifili ne. Ban duba shi ba.

Mai walda ya yi ta fama da rashin wuta, ya ƙara kwana 8. Ina shigar da hakan tagogi suka koma ja, filasta ta matsa da kwana 2. Da na je wurin mai gida ban tsaya dogon bayani ba, na juya masa kwamfuta na ce, "Alhaji, duba nan." Ya duba ya ce, "To Injiniya, a ƙara masu filasta mana." Haka aka yi, muka cike giɓin.

Manhajar ba ta san an yi ruwa jiya ba, ba ta san motar yashi ta maƙale ba, sai abin da ka faɗa mata. Duk yammacin Asabar nake zama in shigar da abin da aka yi, domin jan layi kan sauya hanya, aikin da ka raina yau gobe shi ne ja. Kuma ka yi hankali da kafe wa aiki rana da ƙarfi, za ka ga rara ta koma ƙasa da sifili kana ta neman dalili.

Mai gina ɗaki biyu da falo ba ya buƙatarta. Amma wanda ke haɗa birkila da kafinta da mai waya da mai famfo a wuri guda, ta cancanci kuɗinta. Idan aljihu bai kai ba, manhajar ProjectLibre kyauta ce, tana buɗe fayilolin Project, kuma ita na ɗora wa yaron da ke kula mini da wurin aiki.