Littafin taimakon LibreOffice da ke buɗewa a burauza: ya yi, amma da sauran gyara

Masu aiki da LibreOffice (manhajar rubutu da lissafi irin ta Microsoft Office) a kafe ko ofis, in kun danna F1 don neman taimako kuka ga Chrome ko Firefox ya taso kada gabanku ya faɗi, ba data zai ci ba. Tun sigar 6.1 da ta fito a 2018 suka mayar da littafin taimakon nasu shafukan HTML, a cikin kwamfutarka yake zaune, burauza buɗe shi kawai take yi. Ka duba adireshin da ke sama, in ya fara da file:/// to daga cikin na'urarka ne, ko ka kashe waifai zai yi aiki.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A Windows fayil ɗin taimakon daban ake sauke shi, ba ya zuwa tare da manhajar, a Ubuntu kuma kunshin libreoffice-help-en-us za ka saka. In babu shi sai ta tura ka help.libreoffice.org, wanda shi kam sai da intanet. Ka kuma tabbatar sigar taimakon ta yi daidai da ta manhajar. Akwai na Faransanci ma, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sai ku duba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san inda kake. Kana cikin Calc (ɓangarenta na lissafi mai kama da Excel) kana kokawa da wani akwatin saiti ka danna maɓallin taimako, kai tsaye zai kai ka shafin wannan akwatin, ba farkon littafi ba. Ka nemi VLOOKUP, fomular nemo bayani a cikin tebur, za ka ga yadda ake jera ta da misali a ƙasa, ka kwafa ka liƙa, ka ƙara girman rubutu da Ctrl da + in ido ya gaji, ka buɗe shafi uku ko huɗu gefe da gefe, wallahi tsohuwar tagar taimakon da ke buɗewa a cikin manhajar ba ta kai wannan daɗin sha'ani ba.

Wajen bincike ne ban gamsu ba, dole sai ka san sunan abin da kake nema, wanda bai san kalmar ba zai sha yawo. Sannan yana buɗewa ne a cikin tarin shafukan da ka riga ka buɗe, kafin ka ankara ya ɓace tsakanin Facebook da Gmail. Duk da haka ni dai ina ba shi huɗu cikin biyar, in za ka yi wa wani instolin ka haɗa masa da fayil ɗin a filashi ɗaya.